Yadda ake auna lizin a garin kunu da na'urar LC-MS, daga sikeli har zuwa lambar da za a yarda da ita

Wata ɗaliba cikin masu aikin kammala karatu ta shigo mini da takarda a hannu, fuskarta sai fara'a. Ta haɗa garin kunun yara da hatsi da wake da gyaɗa, duk a kasuwar Maraɗi ta sayo su, ta aika samfur an saka a na'ura, ga sakamako ya dawo. "Malam, dubi, lizin ya fito," ta ce, tana nuna mini wani ɗan tozo a kan zanen. Na ce mata, "Ɗiyata, ya fito kam. To nawa ne?" Sai ta yi shiru. Na tambaye ta ko ta zuba ɗan rakiya a samfurin (lizin mai alama da ake gwada na samfur da shi), ko ta haɗa da fanko (kwalbar gwaji da ba gari a cikinta), ta ce ba wanda ya gaya mata. Don ita da ire-irenta nake wannan rubutu. Na'urar tana da ido ƙwarai, tana hango abin da bai kai ɗaya cikin biliyan na giram ba, amma lambar da za a rubuta a rahoto a kan teburin labo ake gina ta, tun samfur bai je kusa da na'ura ba.

Dalilin da ya sa na zaɓi lizin a fili yake. Furotin ana gina shi da amino asid iri 20, kuma 9 daga cikinsu jikin mutum ba ya iya ƙera su, sai an ci. Lizin yana cikin taran nan, shi ne kuma wanda ya fi ƙaranci a hatsi da dawa da masara, alhali wake yana da shi da yawa. Ma'aunin da FAO, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2013 ya sa miligiram 57 na lizin a kowane giram na furotin ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 3. Mu da muke yankin da wuraren jinyar tamowa ke cika duk damina kafin sabon hatsi ya shigo, sanin ko garin da muka ba uwa ya kai 57 ko ya tsaya a 40 magana ce ta lafiyar ɗanta.

Abin da na'urar take yi

Sashen farko, LC, yana tura ruwan samfur ta cikin wani siririn bututu mai cike da ƙwayoyi, kolon, inda sinadarai ke rabewa, wani ya riga wani fitowa. A bakin fita ana fesa ruwan ta allura mai ɗauke da lantarki wajen bolt 3,000 zuwa 5,000, ɗigon ya bushe, ƙwayoyin sinadari su fito da caji. Wannan dabarar fesawa ce ta ba John Fenn rabonsa a kyautar Nobel ta 2002. Daga nan sai sashen awon nauyi, MS. Irin na'urar da aka fi amfani da ita wajen ƙidaya ɗakuna uku gare ta a jere: na farko ya zaɓi ƙwaya mai wani nauyi, na biyu ya farfasa ta da iskar argon ko naitirojin, na uku ya zaɓi ɓarɓashi guda ya ƙirga. Lizin mai caji nauyinsa 147, ɓarɓashinsa 84. Fenilalanin 166 da 120. Lusin 132 da 86. Na'urar ba ta san miligiram ba, bugu kawai take ƙirgawa, kuma yawan bugun da lizin iri ɗaya zai bayar yau ba lalle ya yi daidai da na gobe ba. Duk matakan da ke tafe hanyoyi ne na mayar da bugu ya koma awo.

Mataki na farko: gari da sikeli

Niƙa samfurin ya yi laushi har ya wuce rariya mai ido rabin milimita, ka cakuɗa shi sosai. Gyaɗa tana dunƙulewa saboda mai, kuma idan cokalinka ya faɗa kan dunƙule ka auna gyaɗa ne kawai. In man ya yi yawa a fara cire shi da hegzan. Auna miligiram 100 sau uku, a kwalabe uku dabam, kowanne ka rubuta ainihin abin da sikeli ya nuna, ko da 98.7 ne. A gefe ka busar da wani kaso don sanin yawan danshinsa, domin garin da aka auna a watan Agusta da wanda aka auna lokacin hunturu ba ruwa ɗaya suke ɗauke da shi ba. Ka kuma tanadi kwalba ta huɗu wadda ba gari a cikinta, amma duk abin da aka yi wa sauran za a yi mata. Ita ce fanko.

Mataki na biyu: kwance furotin

Lizin ɗin da ke cikin gari a ɗaure yake cikin sarƙar furotin, sai an tsinka ta. Hanyar da aka saba ita ce asid HCl mai ƙarfin mola 6 (mola ma'aunin ƙarfin ruwan sinadari ne), a zafin digiri 110, na awa 22 zuwa 24. Asid na kwalba mai kashi 37 cikin 100 ƙarfinsa wajen mola 12 ne, don haka rabi da rabi ake haɗawa da ruwa, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, a hankali, cikin akwatin da ke zuƙe hayaƙi, da tabarau da safar hannu. Zuba mililita 10 a kowace kwalba, ƙara ɗan fenol kashi 0.1 cikin 100 don kare tirozin, kori iskar cikin kwalbar da naitirojin, ka rufe gam da murfi mai teflon. Yi wa kwalbar alama a daidai inda ruwan ya tsaya. Idan ka dawo washegari ka tarar ya sauka, murfin ya yi yoyo, wannan kwalbar ta tashi daga aiki.

Asid ɗin yana yi wa wasu amino asid ɓarna, kuma dole rahoto ya faɗi haka. Tiriftofan yana lalacewa gaba ɗaya, sai an yi masa tasa kwancewar dabam da ruwan soda mai ƙarfi. Gulutamin yana komawa gulutamat, asfarajin ya koma asfartat. Metiyonin da sistayin sai an fara bi da su ta asid ferformik kafin a samu lambar kirki. Lizin shi yana jure wa asid, amma yana da nasa tarkon da ya shafe mu kai tsaye. Idan aka soya gyaɗa ko wake har suka yi ja, wani ɓangaren lizin yana haɗewa da sukari ya zama abin da jiki ba zai amfana da shi ba, sai kuma asid mai zafi ya sake kwance wani kaso nasa ya dawo tamkar lafiyayye. Ke nan a soyayyen gari, lambar da za ka samu tana iya fin abin da cikin yaro zai samu. Rubuta yadda aka soya da tsawon lokacin suyar.

Bayan ta huce, juye a kwalbar awo ka cika da ruwa zuwa mililita 50, ka tace, ka ɗebi mikrolita 50 ka busar don asid ya tashi.

Mataki na uku: ɗan rakiya

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan na fi son a tsaya a fahimta. Ɗan rakiya lizin ne na gaske, sai dai an ƙera shi da kabon mai nauyin 13 guda 6 da naitirojin mai nauyin 15 guda 2, don haka ya fi na cikin gari nauyi da 8. Shi 155 yake, ɓarɓashinsa 90. Ban da nauyin nan, kamar Hassan da Usaini suke: tare suke fitowa daga kolon, tare suke shan wahala a wurin fesawa, in wani abu ya danne ɗaya ya danne ɗayan daidai gwargwado. Saboda haka ba girman tozon lizin muke karantawa ba, girman tozonsa muke rabawa da na ɗan rakiya. Idan na'ura ta yi sanyi da rabi tsakar dare, duka biyun sun ragu da rabi, rabon bai motsa ba.

Ƙa'idar ita ce a zuba shi da wuri, domin abin da ya faru kafin ya shiga ba zai gyara shi ba. Amma yana da tsada, kuma zuba shi a mililita 10 na asid yana cin mai yawa. Abin da nake yi shi ne na raba aikin biyu. Kafin kwancewa ina zuba norbalin, wani amino asid mai araha da ba ya cikin furotin, ya shaida mini ko an yi asara a hanya. Lizin mai nauyi kuma ina sa shi a ruwan da zan narkar da busasshen samfurin, mikrolita 1,000, adadi ɗaya a kowace kwalba, har da na ma'auni, wato ruwan lizin da muka san ƙarfinsa. Fifet (abin ɗibar ruwa daidai awo) ɗaya, hannu ɗaya, rana ɗaya. Kuskuren fifet a nan ba abin da zai kama shi daga baya.

Mataki na huɗu: rabewa

Amino asid suna son ruwa, shi ya sa ba sa tsayawa a kolon C18 da aka saba, sai su fito a dunƙule tare da gishiri tun minti na farko. Hanya biyu ce: ko kolon HILIC mai riƙe sinadarai masu son ruwa, ko a rataya musu wani sinadari kamar AQC wanda zai sa su kama kolon. A ruwan turawa yi amfani da asid formik kashi 0.1 cikin 100 da amoniyom format. Guji fosfat, yana toshe bakin na'ura, ka kuma guji asid TFA, yana rage ƙarfin sigina.

Kada ka ce ai na'ura za ta bambanta komai da nauyi. Lusin da izolusin nauyinsu ɗaya sak, 132 da 86 duka, in kolon bai raba su ba sai a rubuta su a haɗe. Lizin da gulutamin kuwa bambancinsu 0.036 ne kacal, 147.1128 da 147.0764, kuma dukansu suna ba da ɓarɓashi 84. A garin da ya sha asid gulutamin ya riga ya tafi, amma mai auna jini ko ruwan ganye dole ya ga tozo biyu a rabe kafin ya yarda da lambarsa.

Mataki na biyar: tsanin awo

Mai sayar da hatsi da tiya yake awo, kuma in tiyar ta lotsa duk buhun da aka auna da ita ya samu matsala. Tiyarmu ita ce ruwan lizin da muka san ƙarfinsa. Haɗa matakai aƙalla 6, ni nakan yi 8: mikromola 0.1, 0.25, 0.5, 1, 2.5, 5, 10 da 20. Samfurinka ya kamata ya faɗo a tsakiyar tsanin. In ya zarce matakin sama a ƙara sirka shi a sake, ba a jan layi zuwa inda ba a auna ba.

Karanta jikin kwalbar lizin ɗin da ka saya. Galibi lizin haɗe da HCl ake sayarwa, nauyin molarsa 182.65, shi kuwa lizin tsantsa 146.19 ne, wato kashi 80 cikin 100 na garin da ka auna. Na taɓa faɗawa wannan ramin a farkon aikina: na lissafa da 146, duk lambobina suka haura da kashi 25 cikin 100, sai da muka gwada wani furotin da aka san abin da ke cikinsa sannan asiri ya tonu, aikin sati uku ya koma baya. Tun daga ranar ba na fara jerin samfura sai da irin wannan gwajin a ciki. Albumin na jinin shanu yana isa, ga kuma ruwan amino asid na tabbatarwa da hukumar NIST ta Amurka ke sayarwa mai lamba 2389a.

Wajen jan layin da ke haɗa matakan, zaɓi lissafin da ke ba ƙananan matakai muhimmanci, wato 1/x ko 1/x², in ba haka ba manyan matakai za su rinjayi ƙanana. Kada r² (lambar da ke nuna yadda matakan suka hau layi) na 0.999 ya ruɗe ka. Mayar da kowane mataki cikin lissafin layin ka ga abin da ya ba ka: kada ya kauce wa ainihinsa da fiye da kashi 15 cikin 100, na ƙasa kuma kashi 20. Waɗannan iyakoki ne na ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ICH M10 ta 2022 da masu awon magani a jini ke bi, kuma sun dace da aikinmu.

Mataki na shida: iyakar gani da iyakar awo

Dubi layin da ke ƙasan zanen, za ka ga yana rawa kamar ciyawa. Wannan hayaniyar na'ura ce. Idan tozo ya fi hayaniyar tsawo sau 3, an ga abu, wannan ita ce iyakar gani. Sai ya fi ta sau 10 ake iya sa masa lamba, iyakar awo ke nan. Abin da ya faɗa tsakanin biyun a rubuta "an gani, bai kai awo ba". Tozon ɗalibata a nan ya faɗa, don an sirka samfurin fiye da kima.

Ni dai ban cika dogara da lissafin hayaniya da kwamfuta ke yi ba, domin manhajar tana goge layin ya yi sumul, sai lambar ta kumbura. Hanyar da ta fi gaskiya ita ce ka saka mataki mafi ƙanƙanta sau 6 ko fiye, ka ga ko amsoshin sun tsaya cikin kashi 20 cikin 100 na juna da na ainihi. In sun tsaya, iyakarka ke nan. Lambar da kamfani ya buga a takardar talla da tsabtataccen ruwa aka same ta, a sabuwar na'ura. Taka iyakar a naka samfurin za ka nemo ta.

Fanko kuma shi ke faɗa maka gaskiyar hannunka. Amino asid suna ko'ina, a gumin yatsa, a ƙurar da hunturu ke shigowa da ita ta ƙasan ƙofa. Serin da gilisin su suka fi fitowa a fanko. Saka ruwa zalla nan take bayan mataki mafi girma: in tozon da ya bayyana ya kai kashi 20 cikin 100 na mataki mafi ƙanƙanta, allura ko kolon na riƙe saura, a ƙara wanki.

Mataki na bakwai: danniya

A wurin fesawa, duk abin da ya fito tare da lizin yana kokawar samun caji da shi. Gishiri, sukari da ya ƙone, ragowar mai, duk suna iya danne shi, tozo ya ragu ba tare da lizin ya ragu ba. Gwajin mai sauƙi ne: dubi girman tozon ɗan rakiya a ruwan ma'auni, ka dubi girmansa a samfur. In a samfur ya koma rabi, akwai danniya. Maganin farko shi ne ƙara sirki, kuma sau da yawa za ka ga samfurin da aka sirka sau 10 ya fi ba da amsa mai tsabta. Sannan ɗauki samfur guda ka ƙara masa lizin da ka san yawansa, ka ga ko abin da ka zuba ya dawo.

Lissafi

A ce na'ura ta ba ka mikromola 4.1, wato mikromol 4.1 a kowace lita. Ka sirka sau 20, don mikrolita 50 ya koma 1,000, ke nan mikromola 82 a kwalbar awo. Kwalbar lita 0.05 ce, sai ya zama mikromol 4.1 gaba ɗaya. Ninka da 146.19, ka samu wajen miligiram 0.6 a miligiram 100 na gari, wato miligiram 6 a giram. In furotin garin kashi 14 cikin 100 ne, raba 6 da 0.14, ka samu 43. Bai kai 57 ba, a ƙara wake. Kawo amsar kwalabe ukun duka da tazarar da ke tsakaninsu.

Idan feftid ake nema

Wani lokaci tambayar ta wuce yawan lizin, ana son a san wane furotin ne da yawansa, misali ko akwai gyaɗa a garin da aka ce babu, saboda masu borin jini da ita. A nan ba a tsinka sarƙar gaba ɗaya, gunduwa-gunduwa (su ake kira feftid) ake yanka ta da wani sinadari mai suna tirifsin, wanda ke yanka bayan lizin ko arjinin sai in forolin ne ke biye. Ana narkar da furotin a amoniyom bikabonat milimola 50, a kwance ɗaurin sulfa da sinadarin DTT, a toshe shi da iyodo'asetamid, a zuba tirifsin kashi 1 ga kashi 50 na furotin, a bar shi ya kwana a digiri 37. Wake yana da sinadaran da ke hana tirifsin aiki, don haka matakin DTT da ɗumamawa ba a tsallake shi a samfurinmu.

Zaɓi feftid 2 ko 3 da furotin ɗin kaɗai ke da su, kamar na furotin Ara h 1 a gyaɗa, masu amino asid 7 zuwa 20, marasa metiyonin don yana saurin canzawa. Feftid yakan ɗauki caji biyu, sai ya bayyana a rabin nauyinsa: misali feftid ɗin anjiyotensin II mai 1046.5 da caji ɗaya, a 523.8 ake ganinsa da caji biyu. Haka ɗan rakiyar da ya ƙare da lizin mai ƙarin 8 zai matsa da 4 ne kawai, mai arjinin mai ƙarin 10 ya matsa da 5. Wannan ɗan rakiyar bai san ko tirifsin ya gama aikinsa ba, tunda shi a yanke ya zo. Ɗebi samfur a awa 2, awa 4 da awa 16, ka ga inda tozo ya daina girma.

Feftid kuma yana manne wa bangon roba da gilashi. Ruwa mai rauni da aka bari ya kwana yana iya wayewa ya rage sosai. Yi amfani da kwalabe marasa kamu, ka sa ɗan asetonitiril, ka haɗa ƙananan matakai a ranar aiki. Akwai na'urori masu tura nanolita 300 a minti maimakon mililita 0.3, suna gani har ƙasa da femtomol, wato adadi ɗan mitsitsi ƙwarai, amma bututunsu da ƙyar yake jure ƙura da tarkace. Ga samfurin abinci da muke da shi buhu-buhu, ban ga dalilin shiga wannan wahalar ba.

Zafi, wuta da aikawa

A watan Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana haura digiri 40, kuma na'urar tana son ɗaki mai sanyi da bai canzawa. In zafin ɗaki ya motsa, lokacin fitowar tozo yana motsawa. In wuta ta ɗauke, famfunan zuƙe iska suka tsaya, bayan ta dawo a ba na'ura awoyi ta daidaita, a sake tsanin awo daga farko, kada a haɗa samfuran kafin ɗaukewa da na bayanta a layi ɗaya. Cikin jerin, bayan kowane samfur 10 a saka ruwan gwaji guda da aka san amsarsa.

Wanda zai aika samfur wani gari ya aika shi a bushe, ko garin kansa ko busasshen abin da ya kwance, a kwalba mai murfi cikin leda da ƙunshin shan danshi. Ya haɗa da fankonsa, da kwalba ɗaya da ya raba biyu ya ba su lambobi dabam ba tare da ya faɗa wa labo ba. Ya roƙi a dawo masa da zanen tozon, da lambobin tsanin awo, da girman tozon ɗan rakiya a kowane samfur, da iyakar awon da suka samu a ranar.